Yadda Ake Haɗa Hodar Zink Siliket Mai Koren Haske, Mataki-Mataki

Ɗalibai masu aikin kammala karatu a fannin kimiyyar sinadarai sun sha tambayata yadda za su haɗa fosfo da hannunsu, wato hodar nan da ke shan hasken da ido ba ya gani ta mayar da shi haske mai launi. Amsata kullum ɗaya ce: a fara da zink siliket mai ɗan manganis, Zn2SiO4:Mn. Kayan haɗinsa uku ne kacal, ba ya buƙatar ma'adanai masu tsada irin su yurofiyom, kuma in ya yi kyau ba sai an gaya maka ba. Da ka haska masa fitilar ultrabayolet, wato hasken da ido ba ya gani, mai nanomita 254 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), sai ya ɗauki kore shar, a wajen nanomita 525. Koren nan ne a fuskar tsofaffin na'urorin osiloskop masu nuna siginar lantarki a allo, shi ne kuma dutsen wilemait na garin Franklin a jihar New Jersey ta Amurka ke fitarwa a ƙarƙashin irin wannan fitila, domin wilemait shi ne sunan kiristal ɗin zink siliket.

Sai dai a sani tun yanzu, wannan hoda ba ta ci gaba da haske a duhu. Ana kashe fitila haskenta ke mutuwa, kafin ƙiftawar ido. Mai neman wadda ke kwana tana haske, sitironshiyom aluminet yake nema, wannan kuwa wani aiki ne daban.

Yawancin waɗanda aikin ya ba kunya kan ɗora wa tanderu laifi. A ganina tanderu ba ya cika yin laifi. Tsabtar kaya da kyan gauraya su ke yanke hukunci tun kafin a kunna wuta, shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kansu.

1. Duba tanderu kafin ka sayi komai

Aikin yana buƙatar zafin digiri 1,200 zuwa 1,300 a ma'aunin Salsiyos, a riƙe shi na sa'o'i. Yawancin ƙananan tanderun ɗakin gwaje-gwaje masu wayar ƙarfe iyakarsu 1,100 ko 1,200. Duba farantin da ke manne a jikin naka ka ga abin da aka rubuta. In an rubuta 1,200, kada ka riƙe shi a kan 1,200 na sa'o'i uku, wayar za ta tsufa da wuri. Tanderu mai sandunan silikon kabayid shi ne daidai, domin yana wuce 1,300 ba tare da wahala ba.

Wanda iyakar nasa 1,100 ne zai iya samun wani abu, amma sai ya ƙara tsawon lokaci, ya maimaita gashi, kuma hasken ba zai kai na wanda aka gasa a 1,250 ba.

Ta ɓangaren kuɗi, tanderu ne babba, don haka a yi aro ko a nemi izinin amfani da na wani sashe. Bayansa sai turmin aget da fitilar gwaji da kasake. Sinadaran kansu su ne mafi arha a cikin lissafin. Wutar lantarki kuwa tana da sauƙin ƙiyasi: tanderu mai kilowat 3 da ya yi sa'o'i 7 a kunne ba zai wuce yunit 21 ba, kuma aƙalla sau biyu za ka kunna shi.

Gargaɗi: in wuta ta ɗauke a tsakiyar gashi, kada ka buɗe ƙofa don leƙawa. Bar shi ya huce, ka sake daga farko.

2. Tara kayan aiki

Sinadarai: zink oksayid, ZnO, mai tsabtar kashi 99.9 ko sama; silika, SiO2, mai laushi sosai wadda ba ta da tsarin kiristal; da manganis kabonet, MnCO3, ko manganis asitet. Sai itanol da ruwan distil.

Kayan hannu: sikeli mai auna har milligiram ɗaya, turmi da taɓaryar aget, wato wani dutse mai tauri da santsi, kaskon alumina mai murfi na mililita 50, ƙaramin cokalin roba ko na tangaran, rariyar nailan mai ramin maikuron 45, awartakin tanderu, safar hannu ta zafi, takunkumin ƙura irin N95, da tabarau na folikabonet.

Kada ƙarfe ya taɓa hodar, ko sau ɗaya. Ƙarfe da nikel da kobal da tagulla suna kashe hasken fosfo ko da ɗan mitsitsi ne ya shiga, domin suna zuƙe kuzarin da ya kamata ya isa ga manganis su mayar da shi zafi. Cokalin ƙarfe, rariyar waya, injin niƙa mai wuƙa, duk a ajiye su gefe. Saboda wannan dalili ne yashi ba zai maye gurbin silika ba, ko da an wanke shi fes: akwai ƙarfe a cikinsa, kuma ƙwayoyinsa manya ne masu taurin kai a wuta.

Kaskon tangaran na yau da kullum shi ma a bar shi. Ba ya jure wannan zafi, fentin gilashin jikinsa kan yi laushi ya manne da hodar.

Duba manganis kabonet ɗinka kafin ka auna. Mai kyau launinsa ruwan hoda ne mai haske. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu, iska ta riga ta ci shi, nemi sabo.

3. Gano ruwan da ke cikin silika

Matakin nan ne aka fi tsallakewa. Silika mai laushi tana shan laima daga iska, wani nau'inta ma da ruwa a jikinsa ake sayar da shi. In ka auna giram 3 kana zaton duk silika ce, wani kaso ruwa ka auna, lissafinka ya karkace ke nan tun daga tushe.

Auna giram 1.000 a cikin kaskon da ka san nauyinsa, ka gasa a 1,000 na sa'a ɗaya, ka bar shi ya huce a cikin desiketa, wato rufaffen mazubi mai hana laima shiga, ka sake aunawa. A ce giram 0.920 ya rage. Silikarka kashi 92 ce, don haka duk adadin da lissafi ya ba ka sai ka raba shi da 0.92. Wadda ka gasa ɗin a zubar, da ɗanyar za a yi aiki.

Zink oksayid ya ishe shi a busar da shi a 110 na sa'o'i biyu.

Gargaɗi: wannan silika tana tashi da ɗan numfashi. Sa takunkumi, kashe fanka, kada ka hura ta daga kan tebur. Goge da jiƙaƙƙen tsumma.

4. Lissafi da awo

Abin da ake nema shi ne Zn1.96Mn0.04SiO4, wato manganis ya zauna a gurbin zink biyu cikin kowane ɗari. Don samun kimanin giram 11, wato mol 0.05, ga awon:

ZnO, mol 0.098, giram 7.975

MnCO3, mol 0.002, giram 0.230

SiO2, mol 0.055, giram 3.305, kafin gyaran laima

Mai lura zai ce ai mol 0.050 na silika lissafi ya nuna. Gaskiya ne, da gangan aka ƙara kashi 10. Dalili shi ne ragowar silika ba ta cutar da haske sosai, amma ragowar zink oksayid tana cutarwa ƙwarai, domin tana shanye ultrabayolet ɗin da ya kamata wilemait ya sha. Gara silika ta yi saura da zink ya yi saura. Da misalinmu na kashi 92, giram 3.592 za ka auna.

Kada ka ƙara manganis don neman ƙarin haske. Zuciya za ta raya maka haka, amma abin ba ya tafiya a miƙe. Idan ƙwayoyin manganis suka yi kusa da juna, sai su riƙa miƙa wa juna kuzarin har ya faɗa wani gurbi mai lahani ya ɓace. Hasken yana ƙaruwa zuwa wani ɗan mataki, daga nan sai ya fara dushewa. Kashi biyu wuri ne mai aminci ga mai farawa.

In manganis asitet mai ruwa huɗu ne a hannunka, giram 0.490 ne madadin. Ni na fi son shi, za ka ga dalili a mataki na gaba.

5. Gauraya

A nan aikin yake. Hoda ba ta narkewa a wannan gashi. Wilemait sai ya kai wajen digiri 1,510 yake narkewa, mu kuwa ba za mu je can ba. Abin da ke faruwa shi ne zink yana kutsawa a hankali cikin silika daga inda ƙwayoyinsu suka taɓa juna. Duk ƙwayar da ba ta da maƙwabciya ta ɗaya nau'in, haka za ta shiga wuta ta fito. Manganis kuma, ɗan giram 0.230 ne ake so ya bazu daidai cikin giram 11. In ya taru wuri ɗaya, wurin zai yi duhu, sauran hodar kuma ba ta samu ba.

Ga yadda za ka yi. Zuba manganis kabonet a turmi tare da zink oksayid daidai yawansa, ka niƙa su har su zama launi ɗaya. Ƙara zink oksayid daidai yawan abin da ke turmin, ka sake niƙawa. Ci gaba da ninkawa haka har zink ɗin ya ƙare. Wanda ya juye komai lokaci ɗaya zai yi ta niƙa, amma ɗigon manganis zai ci gaba da ɓuya a ciki.

Mai amfani da asitet ya huta da wannan. Narkar da shi a mililita biyu ko uku na ruwan distil, ka ɗiga a kan zink oksayid kana juyawa. Abin da ya narke ya fi kowace taɓarya iya bazuwa.

Yanzu sai silika. Za ka ga giram uku da ɗoriya ta cika kofi, har ka fara tunanin kaskonka ba zai ɗauka ba. Kada ka damu, itanol zai kwantar da ita. Zuba ta kaɗan-kaɗan, kana ɗiga itanol, har haɗin ya yi kauri kamar man goge baki. In ya yi ruwa da yawa, zink mai nauyi zai kwanta a ƙasa silika ta tsaya a sama, ka raba abin da kake son haɗawa. In ya bushe da yawa, ƙura za ta tashi. Niƙa na minti 30 zuwa 45, kana kankare gefen turmi da kan taɓarya da cokalin roba, kana ƙara itanol in ya fara bushewa. Hannu zai gaji. Huta ka ci gaba, amma kada ka rage lokacin.

Alamar ya yi: ka shafa kaɗan a kan farantin gilashi, ka ga ba gudaji, ba ɗigon launi.

Busar da shi a 80 har warin itanol ya ɓace gaba ɗaya, sannan ka murƙushe shi a hankali.

Gargaɗi: itanol yana kama wuta. Kada turmi ya kusanci tanderu mai zafi, kada kuma jiƙaƙƙen haɗi ya shiga wuta. Ƙurar manganis tana illa ga jijiyoyi in an daɗe ana shaƙa, don haka takunkumi ya zauna a fuska har a gama.

6. Gashi na farko

Zuba hodar a kasko, kada ta wuce kashi biyu cikin uku. Ɗan danna ta da bayan cokali don ƙwayoyin su matsu, ka rufe da murfi. Ajiye kaskon a tsakiyar tanderu kan farantin alumina, nesa da sandunan wuta.

Saita zafi ya riƙa hawa digiri 5 a minti. Zai ɗauki kimanin sa'o'i huɗu kafin ya kai 1,250. Riƙe shi a nan sa'o'i 3, ka kashe, ka bar kaskon a ciki har zafi ya sauka ƙasa da 200. Alumina ba ta son sauyin zafi na farat ɗaya, tsagewa take yi.

Za ka ci karo da masu ba da shawarar a ƙara ɗan amoniyom fulorayid ko makamancinsa don sauƙaƙa gashi. Yana aiki, amma yana fitar da hayaƙi mai cin huhu da cin jikin tanderu. A zagayen farko bar shi. Haka nan tsofaffin girke-girken da ke cewa a sa beriliyom ko arsenik: na farko an daina sa shi a fitilun tiyub tun ƙarshen shekarun 1940 saboda cutar huhun da ya jawo wa ma'aikata, na biyu kuwa guba ne sananne. Kada ka kusance su.

Gargaɗi: a yi gashi inda iska ke fita waje. Hayaƙin zink oksayid yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i da shaƙarsa.

7. Niƙa, sannan gashi na biyu

Abin da zai fito dunƙule ne mai ɗan tauri, ya ja da baya daga jikin kasko. Juye shi, ka kankare ɓangaren da ya taɓa kaskon ka ware. Zink yana haɗuwa da alumina a wannan zafi ya ba da wani sinadari daban, ba ka son shi a cikin hodarka. Wannan ne ma ya sa kaskon da aka yi wannan aiki da shi ya kamata ya zama na wannan aiki kaɗai.

Dubi launinsa da hasken rana. Fari tas shi ake so. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa mai datti, wani kaso na manganis ya sha iskar oksijin ya tashi daga Mn2+, wanda shi kaɗai ke ba da koren, zuwa Mn3+ ko sama.

Ɗebi kaɗan ka ajiye a takarda mai suna da kwanan wata, za ka buƙace shi wajen kwatance. Niƙa sauran na minti 10, ka mayar kasko, ka maimaita gashi a 1,250 na sa'o'i 2. Niƙan yana fasa ɓawon wilemait da ya lulluɓe ƙwayoyin da ba su gama haɗuwa ba, ya ba su sabuwar fuska.

Sau da yawa wannan ya wadatar, hodar ta fito fara. In har yanzu da sauran launi, sai a yi mata gashin gawayi. Sa ƙaramin kaskon, da murfinsa a ɗan karkace, cikin babban kasko, ka zuba gawayin ɗakin gwaji a tsakaninsu ba tare da ya taɓa hodar ba, ka rufe babban. Gasa a 800 zuwa 900 na sa'a ɗaya. Gawayin zai cinye oksijin, iskar da ya fitar kuma ta mayar da manganis matakin da ake so.

Gargaɗi biyu a nan. Gawayi a rufe yana ba da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, don haka sai a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi. Na biyu, kada ka kai wannan gashi 1,250. A irin wannan iska da wannan zafi zink yana rabuwa da oksijin, shi kuwa a 907 yake tafasa, sai ya tsere ya bar maka hoda mai toka-toka da ta rasa daidaito.

8. Tankaɗe da wanki

Murƙushe dunƙulen a hankali, ka tankaɗe da rariyar nailan, abin da ya ƙi wucewa kaɗai za ka sake murƙushewa. Kada ka niƙa kamar yadda ka yi a mataki na biyar. Yanzu kiristal ne a hannunka, kuma duk fasawa tana barin tabo a fuskarsa inda haske ke mutuwa. Hoda mai laushi fiye da kima ta fi dushewa.

Wanke da ruwan distil sau biyu, ka tace, ka busar a 110. Kada ka wanke da asid mai ƙarfi. Haidirokulorik asid yana narkar da wilemait ya bar shi kamar ƙullu.

9. Gwaji

Shimfiɗa hodar a farantin da ba a rufe ba, a ɗaki mai duhu, ka haska fitilar nanomita 254 daga sama.

Kurakurai biyu ke sa mutane zubar da hoda mai kyau. Na farko, gwadawa da fitilar duba takardun kuɗi. Wannan nanomita 365 zuwa 395 take bayarwa, wilemait kuwa kaɗan yake amsa mata, sai ka ga ɗan kore mai rauni ka ɗauka aikin ya lalace. Na biyu, haskawa ta jikin kwalba. Gilashi na yau da kullum yana tare nanomita 254, hasken ba ya isa ga hodar ko kaɗan.

Gargaɗi: wannan fitila tana ƙona ido da fata, kuma zafin ba ya bayyana sai bayan sa'o'i. Sa tabarau, rufe hannu, kada ka kalli kwan fitilar, kada ta wuce 'yan daƙiƙoƙi a kunne.

Ido ba ya iya auna haske shi kaɗai, sai da kwatance. Jera hodar gashin farko da ta biyu gefe da gefe, kauri ɗaya, nisa ɗaya da fitila. Inda akwai na'urar auna bakan haske, nemi tudu ɗaya mai faɗi a wajen 525. Inda akwai na'urar XRD, wadda ke gano tsarin kiristal da hasken X-ray, mai amfani da hasken tagulla, duba wajen kusurwar digiri 36.3. Layi a nan yana nufin zink oksayid ya yi saura. Sauran manyan layukansa biyu, na 31.8 da 34.4, suna kusa da na wilemait sosai, suna ruɗar mai farawa.

10. Karanta abin da hodar ke gaya maka

Kore mai ɗigo-ɗigo, wani wuri haske wani wuri duhu: gauraya ce ba ta yi ba. Niƙa ka sake gasawa, yawanci tana gyaruwa.

Kore ko'ina amma mai rauni, hodar kuma fara: ko zink oksayid ya yi saura, ko ƙarfe ya shiga. Ƙara ɗan silika ka sake gashi. In bai motsa ba, gurɓata ce, kuma ba ta da magani. Sake sabon haɗi, ka bi kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya ka nemo inda ƙarfen ya fito.

Haske mai ɗorawa maimakon kore: wani tsarin kiristal ne na zink siliket, wanda ake kira beta, da ke samuwa in zafi bai kai ba. Gashi a 1,250 yana mayar da shi alfa mai kore.

Dunƙule mai tauri da ƙyalli da ya manne wa kasko: zafi ya wuce yadda allon tanderu ya nuna, ko wani gishiri ya shiga haɗin. A duba na'urar auna zafin.

In za ka gyara, sauya abu ɗaya kawai a kowane zagaye, ka rubuta. Wanda ya sauya zafi da yawan manganis da nau'in silika lokaci guda, ko hodar ta yi kyau ba zai san abin da ya gyara ta ba. Ga mai aikin kammala karatu, gwajin da ya fi ba da sakamako mai ma'ana shi ne a haɗa kashi 0.5 da 1 da 2 da 4 da 8 na manganis daga kwalaben sinadarai iri ɗaya, a gasa su tare a wuta ɗaya, kowanne a kaskonsa, a jera su ƙarƙashin fitila. Ajiye kowace hoda a busasshiyar kwalba mai murfi, ka rubuta yawan manganis da zafi da sa'o'in gashi a jikin kwalbar, ba a murfin ba, domin murafu kan musanya.